BAƘUWAR ƘAYA: KU SAN TA TUN BA TA SAN GONAKINKU BA

Ya ku jama'ar Kudan da Makarfi da Ikara, manoma da 'yan kasuwa, maza da mata, muna so ku karanta wannan magana da natsuwa, wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa wanda bai iya ba, a zaure ko a rumfar kasuwa.

Kowace damina idan ruwa ya zauna, sai a yi shela wai za a yi bikin dashen itatuwa. Manya su zo da motoci, a kafa rumfa, babban baƙo ya duƙa da babbar rigarsa ya dasa ɗan itace guda, a tafa, a ɗauki hoto. Sa'an nan a raba wa talakawa dashe cikin baƙaƙen ledoji, a ce kowa ya je ya dasa, wai don a tare hamada. Dashen itace abin kirki ne, ba mu da ja a kansa. Amma muna tambaya, wa ya taɓa gaya muku sunan abin da ke cikin ledar? Wa ya taɓa ce muku ga yadda zai zama bayan shekara 10? Talaka dai a ba shi ya karɓa, ya yi godiya, kamar ba gonarsa za a kai abin ba.

Dalilin wannan tambaya shi ne akwai wata itaciya mai ƙaya wadda ta wannan hanya, watau hanyar kyauta daga hannun hukuma, ta shiga ƙasashe da yawa na Afirka, ta cinye makiyaya da fadamu, yau kuma hukumomin da suka kawo ta sun rasa yadda za su yi da ita. Masana suna kiranta Prosopis juliflora, a 2022 kuma suka sake mata suna suka ce Neltuma juliflora. Kakanninmu ba su bar mana sunanta ba, don ba su san ta ba. Mu a nan za mu riƙa ce mata baƙuwar ƙaya. Asalinta daga Meziko ne da tsakiyar Amurka da arewacin Amurka ta Kudu. Dangin wake ce da gyaɗa, kamar yadda ɗorawa da tsamiya da gawo da bagaruwa duk dangin nan ne. Ba ta jin fari, ba ta jin ƙasa mai gishiri, tana girma da sauri, saiwarta tana nutsawa can ƙasa ta nemo ruwa. Waɗannan halaye su ne suka ruɗi masana har suka yi ta yawo da ita ƙasa ƙasa. An kai ta Sanagal tun 1822, an kai ta Indiya a 1877, an kai ta Sudan a 1917.

To, ku ji abin da ya biyo baya. Mu fara da maƙwabtanmu na Nijar. A 1977 aka dasa ta a gefen Tafkin Cadi don a tsai da tudun rairayi, a fili wanda bai wuce hekta 10 ba. Hekta ɗaya kuwa wajen eka biyu da rabi ce. Tafki ya ja baya, dabbobi suka ci 'ya'yanta suka yi ta zubar da ƙwayar a danyar ƙasar da ruwa ya bari. Kafin shekara 30 ta cika, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da labari cewa ta rufe fiye da hekta 300,000. Manomi ya rasa inda zai shuka masara da wake, masunci ya rasa hanyar kwalekwale. A Sudan, ta shiga gonakin ban ruwa ta toshe magudanai, har a 1995 gwamnatin ƙasar ta ba da umarni a kawar da ita. Shekara 78 ke nan tsakanin ranar da aka yi mata maraba da ranar da aka ce a kashe ta, kuma ba ta mutu ba. A ƙasar Habasha, cikin yankin Afar inda kogin Awash yake bi, binciken da aka buga a 2019 ya nuna ta mamaye fiye da hekta miliyan 1, mafi yawa makiyaya ce ta rani da bakin kogi.

Amma labarin da ya fi kamata talaka ya riƙe shi ne na Kenya. A farkon shekarun 1980 aka dasa ta a Baringo cikin wani shiri na gwamnati da taimakon ƙasashen waje, wai don mutane su sami itacen wuta. Aka sa talakawa suka yi dashen da hannunsu. Bayan shekara 20 ta kori mutane daga gidajensu, ta rufe hanyoyin mashaya. Awaki suka riƙa cin 'ya'yanta masu zaƙi har haƙoransu suka ruɓe suka zube, akuya ta kasa cin ciyawa ta mutu da yunwa. A 2006 mutanen Ilcamus suka kai ƙarar gwamnatinsu, suka ja akuya mai wawulo har cikin kotu a Nairobi don alƙali ya gani da idonsa. Sai a 2008 gwamnati ta sa ta cikin jerin miyagun tsire-tsire. Mutanen can suna kiranta matenge, an ce sunan wani jami'i ne da ya matsa a dasa ta. Wannan kam sun yi daidai. Da kowane abin da aka ɗora wa talaka za a riƙa raɗa masa sunan wanda ya kawo shi, da masu kawowa sun riƙa tunani sau biyu.

Ku duba da kyau, cikin dukan waɗannan ƙasashe, wa ya kawo? Hukuma da masana. Wa ya biya? Makiyayi da manomi da mai jaki. Wanda ya sa hannu a takarda an yi masa canjin wurin aiki, ko ya yi ritaya, ƙaya kuwa tana nan a ƙofar gidan talaka.

Yanzu wani zai ce, ina ruwan Hunkuyi da Baringo? Zai ce wannan itaciyar hamada ce, mu kuwa ƙasar Zazzau muna samun ruwa wajen inci 40 a shekara. Wannan magana ce ta wanda bai san halinta ba. Jure fari daban, ƙin ruwa daban. A wurare da yawa da ta yi mummunar ɓarna, a bakin ruwa ta yi ta: bakin Tafkin Cadi, bakin Awash, bakin Tafkin Baringo, magudanan Sudan. Mu kuwa ina arzikinmu yake? Ba a fadama ba? Raken Makarfi da mazarƙwailar da ake lodi zuwa garuruwa, tumatirin Ikara, albasa da tattasai da dankalin Kudan, duk a bakin rafi da fadama ake yinsu. Abin da ta fi so shi ne abin da muke ci da shi. Kuma ba mu manta da kacala ba, yadda ta toshe fadamun Haɗeja da Nguru bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992. Ita ma da fari ciyawar bakin ruwa ce da ba wanda ya kula da ita.

Kuma ba lalle sai a cikin leda za ta zo ba. A nan ne maganar ta shafi 'yan kasuwa. Ƙwayarta tana da tauri ƙwarai, dabba takan ci 'ya'yan ta narkar da zaƙin, ƙwayar kuwa ta fito lafiya lau cikin kashi, ga taki a jikinta, a shirye ta tsira. Tana iya kwanciya cikin ƙasa shekara da shekaru tana jiran ruwa. Ku tuna yawan shanun da ke gangarowa daga arewa da rani suna kwana a gonakinmu. Ku tuna motocin dabbobi daga Maigatari da Potiskum da Mai'aduwa da ke bin hanyar Kano zuwa Zariya, suna tsayawa a Tashar Yari da sauran tashoshi. Ku tuna ragunan layya da ake kawowa daga Nijar, a ɗaure su a turke, a share takinsu a kai fadama. Ba laifin Bafulatani ba ne, ba laifin dillali ba ne, kada wani ya mai da wannan magana abin neman rigima. Saniya ba ta san abin da ta haɗiya ba. Abin da muke cewa shi ne ƙofa a buɗe take, mai tsaron ƙofar kuwa bai san fuskar ɓarawo ba.

To, ga fuskarsa.

Abu na fari, ku dube ta da bazara, wajen watan Maris da Afrilu, lokacin da daji ya bushe ƙurmus. Ita za ku gan ta kore shar, kuma awaki suna wucewa ba su damu da ganyenta ba, don ba ya yi musu daɗi. Itaciya mai ƙaya, kore da bazara, ga awaki da yunwa amma sun bar ta, wannan kaɗai ya isa mutum ya tsaya ya duba. Ba ta cika miƙewa da gindi guda ba. Tun daga ƙasa take rabuwa rassa da yawa, su baje, su lanƙwasa har su taɓa ƙasa, idan suka haɗu da na 'yar'uwarta sai su zama kurmi wanda ko kare ba ya ratsawa, ƙarƙashinsa kuwa ciyawa ba ta fita. Ƙananan rassan kore ne, kuma ba su miƙe sak ba, suna 'yar karkacewa dama da hagu a kowace gaɓa. A gaɓar ne ƙaya take fitowa, yawanci bibbiyu, miƙaƙƙiya, mai kauri a gindi, tsawonta yakan kai inci 2. Tana huda tayar keke da ta babur da takalmin roba, idan ta soki mutum kuwa tsininta yakan karye a ciki, wurin ya kumbura ya daɗe bai warke ba.

Sa'an nan ku tsinki ganye ɗaya ku duba. Sandar ganyen takan fitar da fukafukai bibbiyu, hawa ɗaya ko biyu, wani lokaci uku, kowane fiffike da ƙananan ganye jere dama da hagu. Furenta dogo ne, kamar 'yar ƙaramar zangarniyar gero mai laushi, tsawon yatsa, yana reto, launinsa rawaya mai ɗan kore. 'Ya'yanta kuwa su ne shaidar da ba ta ƙarya: dogaye kamar wake, wajen taƙi guda, masu ɗan lanƙwasa, idan sun nuna launinsu kamar na karan dawa busasshe. Ba sa fashewa da kansu. Idan ka karya ka ɗanɗana za ka ji zaƙi, a ciki kuma ƙwayoyi ne ƙanana masu ruwan ƙasa, daga 10 har zuwa wajen 30.

Muna dagewa a kan wannan bayani ne saboda tsoron wata ɓarnar. Mun san halin mutanenmu, idan aka ce ga mugu, sai a ɗauki gatari a sare mai laifi da marar laifi. Itatuwanmu na gado masu ƙaya suna da yawa, kuma kowanne yana da aikinsa. Bagaruwa ita ce aka fi rikita ta da baƙuwar, musamman tana ƙarama, don ita ma ƙayarta bibbiyu ce miƙaƙƙiya. Amma furen bagaruwa dunƙulalle ne kamar ɗan ƙwallo, rawaya ƙal, ganyenta ya fi ƙanƙanta, fukafukansa kuma sun fi hawa da yawa, 'ya'yanta masu duhu ne da toka-toka, ga bauri. Kowane majemi ya san su, da su ake jeme fatar da ta kai sunan Kano da Sakkwato har Turai. Wanda ya sare bagaruwa ya cuci majemi da baduku. Gawo kuwa ba ya ɓuya ga manomi: shi ne mai zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, rassansa fari-fari, 'ya'yansa jajaye ne masu naɗewa, kuma dawar da ke ƙarƙashinsa ta fi ta ko'ina kyau. Furensa dogo ne kamar na baƙuwar, to kada wannan ya ruɗe ku, ku duba gindi guda da farin reshe. Farar ƙaya furenta dunƙulalle ne fari. Sarƙaƙiya ƙayarta ƙugiya ce, kuma hawa take yi kan wasu. Ƙaidaji na bakin rafi, wanda wasu ke ce wa gumbi, da ka taɓa ganyensa sai ya rufe. Kirya, wadda maƙera ke son gawayinta, ake sassaƙa turmi da ita, 'yar'uwar baƙuwar ce ta nesa, amma kirya ba ta da ƙaya sam, 'ya'yanta kuma baƙaƙe ne masu kauri da tauri.

Saura ɗunɗu, wanda furensa launi biyu ne, sama ja-ja ƙasa rawaya, 'ya'yansa a murɗe cikin curi, ƙayarsa kuma ɗai-ɗai ce, ƙarshen ɗan reshe ne ya yi tsini. A nan bari mu ɗan ratse. Ɗunɗun nan namu, wanda a wurinmu ba a bakin komai yake ba, an kai shi tsibirin Kuba a ƙarni na 19, yau ya cinye musu fiye da hekta miliyan 1 na gonaki da makiyaya, suna kiransa marabu suna kuka da shi. Ashe itace a gidansa yana da masu tsawata masa, ƙwari da cututtuka da dabbobin da suka san shi. Idan aka raba shi da su aka kai shi baƙon wuri, sai ya zama ɗan da ba shi da mafaɗi. Wannan kuwa ba wani asiri ba ne, duk wanda ya yi karatun gandun daji ya san shi.

Masu kare ta za su ce ai tana da amfani. Gaskiya ne, ba za mu ɓoye ba. Gawayinta yana da kyau, itacenta yana ci, ƙudan zuma suna son furenta, 'ya'yanta idan aka niƙa aka gauraya kaɗan cikin dusa abincin dabbobi ne, niƙan kuma yana kashe ƙwayar. A wuraren da ta riga ta cinye, kamar bakin Tafkin Cadi, cin moriyarta shi ne abin da ya rage, don haka aka koya wa mutane niƙa 'ya'yanta. Amma wannan shawarar wanda gidansa ya riga ya ƙone ce, yana tsintar gawayi. Wane mai hankali ne zai ba da kadadar rake don buhun gawayi? Ba kuma cewa muke yi duk baƙon itace mugu ne ba. Darbejiya daga Indiya ta zo, an fara dasa ta a Barno a 1928, yau ita ce inuwar kasuwanninmu. Masara da rogo da gyaɗa da tumatir duk baƙi ne daga Amurka. Baƙon da ya zauna inda aka ajiye shi muna maraba da shi. Wannan kuwa ba ta zama inda aka ajiye ta.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne ilmin nan yana kusa da mu ƙwarai. Samaru tana nan a maƙwabtanmu, da Cibiyar Binciken Aikin Gona da ofishin wayar da kan manoma na Jami'ar Ahmadu Bello da tashar binciken itatuwa. Shika tana nan da cibiyar binciken dabbobi. Daga Hunkuyi zuwa can ba tafiyar yini ba ce. To, me ya hana ilmin ya tako ya zo kasuwa? A zamanin En'e, ƙarƙashin dokar daji ta 1937, malamin daji ya san hanyar kowane ƙauye. Idan talaka ya sare reshen ɗorawa ko kaɗanya ba da izini ba, kafin rana ta faɗi an san da shi, an ci shi tara. Ashe idan karɓa za a yi, hukuma ta san itatuwa ɗaya bayan ɗaya, ta kuma san gidan kowa. Idan koyarwa ce, sai a ce babu mota, babu mai, babu kuɗi. Ga kuɗi kuwa ana ta ambata. An kafa hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa da doka a 2015 don jihohi 11 na bakin hamada. A ƙarshen 2021 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 700 don gyaran ƙasa da ruwa a jihohin arewa 19 da Abuja, jiharmu tana ciki. Rance ne, jama'a, mu da 'ya'yanmu za mu biya. Wanda zai biya bashi kuwa yana da ikon ya tambayi abin da aka sayo da shi.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Kudan da Makarfi da Ikara da kansilolinsu, kada a sake raba dashe ko ɗaya sai an faɗi sunansa da Hausa a gaban jama'a, in ba shi da sunan Hausa a faɗi daga inda ya fito da abin da ya aikata a can. A duba gandun renon itatuwa na hukuma da na 'yan kwangila, duk inda aka sami baƙuwar ƙaya a ƙone ta. Malaman daji da malaman gona su zo ranar kasuwa da reshe da 'ya'ya a hannu, su aza kusa da na bagaruwa da na gawo, kowa ya gani ya taɓa. Wannan ba ya bukatar dala ko ɗaya. A kuma faɗa a fili cewa wanda ya tumɓuke ta a gonarsa ko a burtali ba za a kama shi da laifin saran itace ba, don mun san yadda doka takan juya ta ciji wanda aka ce an yi ta dominsa. Ku tambayi kansilanku wannan a gaban mutane, ku ji abin da zai ce.

Kafin su motsa, ku ku motsa. Sarkin turke da dillalan dabbobi su riƙa duba inda ake sauke dabbobi da inda ake tara taki, musamman makonnin farko na damina. Masu sayar da abincin dabbobi, idan aka kawo muku wasu dogayen 'ya'yan itace masu zaƙi da arha, kada ku sayar da su ɗungum, a kai inji a niƙe su lilis tukuna. Masu shinge, kada kwaɗayin ƙaya mai saurin girma ya sa ku karɓi irin da ba ku sani ba, cikin shekara 3 ko 4 za ta fara 'ya'ya, daga nan shingen ya fi ƙarfin mai shi. Manomin da ya ga tsiro mai siffar da muka faɗa a inda ya zuba taki, ya cire shi da saiwarsa tun ƙasa tana da laima, a lokacin fartanya ta isa. Idan ta riga ta yi gindi, sara kawai ba ya kashe ta, sai ma ta tofo da rassa fiye da na da. Sai an haƙa an sare ta a ƙarƙashin ƙasa, zurfin ƙafa ɗaya ko fiye, a tara busasshen itace a kan kututturen a ƙone, a tsince 'ya'yan da suka zuba kada dabba ta ci, sa'an nan a riƙa komawa wurin kowace damina ana cire sababbin tsiro. Wanda kuma ya yi shakka ko baƙuwar ce ko bagaruwa, kada ya sara tukuna. Ya yanko reshe mai ganye da ƙaya, da fure ko 'ya'ya in akwai, ya nuna wa majemi ko tsohon makiyayi, in sun ce ba su san ta ba, ya sanar da mai unguwa, a kai reshen Samaru.